Kafin ku taɓa rautar mutane

Ƙannena masu shigowa harkar haɗa netwok a Kano, na lura yawancinku kuna farawa yadda na fara: a haddace umarnin na'urorin kamfanin Cisco daga bidiyo, a je Beirut Road a sayo kebul da abin matse kansa, sai neman aiki. Umarnin yana da amfani, amma ku fara sanin yadda kwamfuta take samun adireshinta, wato lambar da ake gane ta da ita a netwok. Rashin sanin wannan shi ya fi wahalar da ni.

Wata makaranta ta kira ni in kai musu intanet saman bene. Suna da rauta (na'urar da ke raba intanet) a ƙasa, sai na kawo ta biyu, na jawo kebul daga ta ƙasa na cusa a ramin LAN na sabuwar, wato ramin da ake jona kwamfutoci, na ga fitila ta kama, na karɓi kuɗina. Washegari waya ta fara: kwamfutar akawu tana shiga intanet, ta shugaban makaranta ta ƙi, gobe kuma su yi musanya. Na sauya kebul, na ɗora wa kamfanin intanet laifi, ba abin da ya sauya. Ashe duk rautocin biyu DHCP ɗinsu, wato tsarin da ke raba wa kwamfutoci adireshi, a kunne yake. Idan kwamfuta ta tashi, cigiyar adireshi take yi, kuma galibi wanda ya riga amsawa shi take bi. Duk wadda rautar sama ta riga amsa wa, sai ta ɗauka ita ce ƙofar fita waje, alhali ba ta da hanyar ko'ina. Da na buga ipconfig, umarnin da ke nuna adireshi da ƙofar kwamfuta, a kwamfutocin biyu tun ranar farko, da na ga ƙofarsu ta bambanta. Gyaran bai kai minti biyar ba: kashe DHCP na ta sama, a ba ta tsayayyen adireshi a wajen jerin da ta ƙasa take rabawa. Mutanen nan sun yi mini haƙuri ƙwarai, kuma har yau abin yana damuna, don aikin jarrabawar yara ne ya tsaya.

Saboda haka ku zauna ku fahimci lambobin nan. 255.255.255.0, lambar da ke nuna faɗin netwok (subnet mask), na nufin na'ura 254 za su samu adireshi. In kuka ga kwamfuta ta ɗauki adireshin da ya fara da 169.254, to ta yi cigiya ba wanda ya amsa mata. Ku duba kebul da DHCP kafin ku zargi kowa.

Sai ajiye saiti. A suwic ɗin Cisco (akwati mai ramuka da yawa da ake jona kwamfutoci), abin da kuke rubutawa yana zaune ne a ma'ajiyar wucin gadi. Na taɓa raba ramuka tsakanin ofis da ɗalibai tun hantsi har la'asar, aka ɗauke wuta, kafin a tada janareta komai ya goge. Ku saba wa yatsunku da copy running-config startup-config, umarnin da ke ajiye saitin dindindin, kuma ku kwafi saitin da kuka tarar kafin ku sauya ko layi ɗaya. Rautar kamfanin MikroTik kuwa nan take take ajiyewa, don haka haɗarinta daban ne: doka ɗaya ta kuskure za ta rufe muku ƙofa kuna nesa. Kafin ku sauya saiti ku danna Safe Mode a Winbox, manhajar saita ta, in haɗin ya yanke sai ta koma yadda take.

Kebul kada ya wuce mita 100 tsakanin na'ura da na'ura. Kuma akwai mai araha wanda alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ku kankare silin da wuƙa a gaban mai shago, in ya yi fari ku ajiye masa.

Wanda bai da kuɗin sayen na'ura, Packet Tracer, manhajar Cisco ta kwaikwayon haɗa netwok a kan kwamfuta, kyauta ce. Ku haɗa rauta biyu masu raba adireshi a ciki da gangan, ku jona kwamfuta huɗu, ku duba ƙofar da kowacce ta ɗauka.