Kujerar nan ta sake kwancewa, ashe laifin tsohon gam ne

Toh 'yan uwa masu koyo, kujerar da na ce muku na gyara makon jiya, kwana huɗu kacal ta yi ƙafarta ta sake girgiɗi. Ni na ja wa kaina, don kawai na zare ƙafar na lafta sabon gam a kan tsohon na mayar na ɗaure, ina ta jin kaina wai na zama kafinta.

Ashe farin gam ɗin nan na katako sai ya shiga cikin ƙofofin itacen kafin ya riƙe, in ya tarar da busasshen gam ya toshe wurin to kamar ka shafa shi a jikin gilashi ne, zai bushe amma ba abin da ya kama. Gam ɗin da ake yi da fatar dabba irin na kayan da can kuwa, shi ruwan zafi na farfaɗo da shi har sabo ya haɗu da tsoho.

Wannan karon na bi a hankali. Na jiƙa tsumma da ruwan khal mai ɗumi na naɗe kan ƙafar kamar minti 20, gam ɗin ya yi laushi ya koma fari kamar danƙo, na bi shi da cizil ina kankarewa. Cikin ramin da ƙafar ke shiga ne ya ba ni wahala wallahi, sai da na naɗa sanfefa a jikin siririn sanda ina juyawa ina hurewa. Wani abu kuma, kar ku bar ƙarfe ya kwana a kan katako mai jiƙe da khal, wasu itatuwan baƙi suke yi a wurin kuma ba ya gogewa da sauƙi.

Nan ma na kusa ɓata aikin, na zaƙe da sanfefar har ƙafar ta fara lilo a ramin, shi kuwa farin gam ba ya cike giɓi. Sai na manna siririn ɓawon katako a jikinta ya bushe na rage shi har ta shiga da ɗan matsi. Kuma sai da na bar itacen ya kwana ya bushe sarai tukuna, don jiƙaƙƙen katako kumbura yake, ka ga kamar ya yi daidai, gobe ya motse.

Yanzu tana cikin matsi, ba mai zama a kanta sai ta cika awa 24. Sauran ƙafafu ukun ma na jijjiga su, ɗaya tana motsi, ita ce aikin gobe.