Waƙafi ɗaya ya musanya mana kalmomin Ibrananci biyu

Aikin buga takardu nake yi a Maradi. Faransanci shi ne abincina na kullum, Larabci ma na saba da shi don malamai kan kawo mini rubuce-rubucensu. Shi ya sa da wani ɗalibin makarantar tauhidi ya kawo kundin kammala karatunsa, Faransanci gauraye da ayoyin Tsohon Alkawari cikin Ibrananci, ban yi wata-wata ba na karɓa. Haruffa 22 ne, ba sa haɗewa da juna kamar na Larabci, Windows kuma yana da kibod ɗinsu. Nan ba a samu wata tangarɗa ba.

Waƙafi ne ya ci mana kuɗi. Ɗalibin yana bayani a kan Littafin Fitowa 34:6, ya jera kalmomi biyu, hesed da emet, da waƙafi a tsakaninsu, sannan ya ce da Faransanci ta farkon ƙauna ce marar gushewa, ta biyun kuma gaskiya. Na buga su bi da bi yadda ya rubuta. A kan takarda sai emet ta zauna a hagu, hesed a dama. Mai karanta Faransanci daga hagu yake tahowa, emet zai fara tararwa, ke nan kowace ta ɗauki ma'anar 'yar'uwarta. Duk inda aka jera kalmomi da waƙafi haka abin ya fito. Sai da aka gurza aka ɗinke, malaminsa ya zazzagaye wuraren da jan biro. Ɗalibin ya dawo mini da kundin a hannu ya ce, "Malam, ai an juya mini su." Har yau in na tuna fuskarsa raina yakan ɓaci, domin babu harafi ko ɗaya da aka buga ba daidai ba.

Dalilin shi ne waƙafi, ɗigon aya, ruwa biyu, baka, har ma da sarari tsakanin kalmomi, babu wanda yake da alƙiblar kansa. A ƙa'idar Unicode, wato tsarin da kwamfuta ke bi wajen sanin haruffa da jera su, harafin boko ya san daga hagu yake tafiya, na Ibrananci daga dama, amma alamar rubutu maƙwabtanta take duba. Idan duka biyun Ibrananci ne sai ta bi su, ta ɗaure su su zama zance ɗaya da ake karantawa daga dama. Idan sun saɓa, sai ta bi alƙiblar sakin layin. Word, manhajar da nake buga rubutu da ita, ya ƙara da nasa: yana riƙe da kibod ɗin da kake kai a lokacin da ka danna alamar. Waƙafin da aka buga kibod na kan Ibrananci ya zama na Ibrananci ke nan, alhali a ido ba ka iya bambanta shi da na Faransanci.

Maganin ba shi da yawa, wannan ma shi ya fi ƙona mini rai. Da ka gama kalmar Ibrananci, ka koma kibod ɗin Faransanci da Alt+Shift kafin ka taɓa waƙafi ko sarari. Inda hakan bai isa ba, akwai wata alama da ba ta fitowa a takarda, aikinta kawai ta tsaya a matsayin harafin boko: a Word ka rubuta 200E ka danna Alt+X. Takwararta ta ɓangaren dama 200F ce. A LibreOffice, wata manhajar rubutu irin Word, sauya kibod ba ya fisshe ka, don maƙwabta kawai yake dubawa, dole ka sa wannan alamar bayan waƙafin.

Lamba ma haka take yi. Ka sa lambar shafi bayan kalmar Ibrananci, sai ka ga ta tsallaka ta koma gabanta. Alamomin zance na Faransanci, « da », da kuma baka biyu, suna juya fuska idan suka faɗa cikin rubutun dama, sai mabuɗi ya fito kamar marufi. Faransanci kuma yana son sarari marar yankewa kafin ruwa biyu da alamar tambaya, wanda ake sa wa da Ctrl+Shift da madannin sarari. To, Ctrl da Shift na dama su kaɗai su ne ke juya sakin layi gaba ɗaya ya koma daga dama. Yatsa ya zame kaɗan, sai ka ga shafi ya birkice. Na hagu ne ke dawo da shi.

A cikin ayar kanta, Ibrananci yana da alamominsa, kuma su ya kamata a sa. Ɗigo biyun da ke rufe aya ba ruwa biyun kibod ba ne, sof pasuk ne, lambarsa a Unicode 05C3. Karan da ke haɗa kalmomi makaf ne, 05BE. Waɗannan biyun daga dama suke tafiya tun asali, ba sa gudu ko'ina. Ruwa biyu na kibod kuwa, a sakin layin Faransanci, farkon ayar yake komawa ya tsaya.

Abin da nake roƙon duk mai wannan sana'a shi ne kada ya yi gyara da ido, wato ya ɗauke waƙafi ya dasa shi inda ya ga ya yi kyau, ko ya buga kalmomin a juye don su fito daidai. Ranar da aka ƙara kalma ɗaya layin ya karye a wani wuri, komai zai watse. Ni yanzu duk jerin kalmomi sai na bi shi da madannin kibiya, harafi bayan harafi, in ga ainihin yadda kwamfuta ta jera su. Sannan in mayar da aikin PDF, in zaunar da mai shi ya karanta kowane wurin da kalmomin Ibrananci biyu suka haɗu da waƙafi, da ƙarfi, kafin takarda ko ɗaya ta shiga inji.