Rigar Matuƙa Jirgi, ta Asali da ta Kwaikwayo

Asabar, bayan isha'i.

Yau dai Allah ya yi na je Duxford, a nan Ingila. Tun da sanyi ya fara shigowa nake cewa zan je, aiki bai bar ni ba. Daga Kambirij babu nisa. Tsohon filin jiragen yaƙi ne aka mayar da shi gidan tarihi, a cikinsa kuma akwai wani makeken zaure da aka buɗe a 1997 don tunawa da Amurkawa kusan 30,000 da suka tashi daga Birtaniya a yaƙin duniya na biyu, ba su koma gida ba. Jama'a jirage suke zuwa kallo. Ni kuwa riguna suka kai ni, don na daɗe ina tara kuɗin sayen rigar fata irin ta matuƙan wancan zamani, kuma ba na son in zuba kuɗina a kan abin da ban san asalinsa ba.

Na daɗe tsaye a ƙarƙashin B-17, jirgin Amurka mai jefa bama-bamai. Sai ka matso kusa kake ganin yadda jikinsa ba shi da kauri. Samari ne ’yan shekara ashirin da ’yan kai ake ɗorawa a ciki, a haura da su ƙafa 25,000, inda sanyi kan wuce digiri 40 ƙasa da sifili, ga iska tana shigowa ta tagogin bindiga. A nan na gane dalilin rigar B-3, wadda sojan saman Amurka suka tsayar a 1934. Fatar tunkiya ce da ulunta, kamar a ɗauki buzun salla a juya gashin ciki a ɗinka riga. Madauri biyu gare ta a wuya, aljihu ɗaya tak. Ba don ado aka yi ta ba, don kada mutum ya daskare ne.

Da na fito sai na bi ta shagon wani dattijo mai sayar da tsofaffin kayan soja, wanda wani abokin aikina ya kwatanta mini. A gidan tarihi ido kaɗai ke aiki, ni kuma jikan majema ne, ban yarda da fata ba sai na taɓa ta, na sunsuna. Da dattijon ya ga yadda nake murza gefen wata riga tsakanin yatsuna, sai ya shiga ciki ya fito da riguna uku ya shimfiɗa a kan tebur. Duk samfurin A-2 ne, wato gajeriyar rigar fata da aka tsayar a 1931, mai saƙaƙƙen ulu a ƙugu da bakin hannu. Ya ce in faɗa masa wacce ce ta ga yaƙi.

Ta farko ban ɓata lokaci a kanta ba. Ta fi kowacce kama da tsohuwa, amma tsufan nata na ƙarya ne. An goge launin da gangan a kafaɗa da ƙirji, wuraren da riga ba ta gogewa a jikin mutum, alhali gwiwar hannu da bakin aljihu suna nan sabbi ƙal. Bayanta gida uku ne aka haɗa, ga aljihun zura hannu ta gefe, ga wani a ciki. A-2 ta gaskiya bayanta falle ɗaya ne, hannunta falle biyu, aljihu biyu ne kawai a gaba masu murfi da maɓalli. Da na lanƙwasa fatar sai saman ya yi ƙyalli irin na leda, babu ƙofofin gashi, warin ma na roba ne. Ɓarin ƙasa na fatar shanu ne aka shafe da fenti mai kauri aka danna masa zane. Irin wannan shekara biyu zuwa uku za ta fara ɓarewa. Dattijon ya ce wani yaro ne ya sayo ta a intanet, an rubuta masa cewa daidai take da ta 1942, ya kawo yana neman a saya. Raina ya ɓaci ƙwarai saboda yaron.

Sauran biyun ne suka sa na zauna. Ɗaya fatar doki ce mai nauyi, launin ƙasa mai duhu, ɗinkinta a miƙe sambal, kowane taku daidai da ɗan'uwansa. Ɗayar ta fi ta laushi da rashin kauri, launin hannun dama bai yi daidai da na ƙirji ba, aljihu ɗaya ya ɗan fi ɗaya tashi, zaren ya karkace a ƙarƙashin kwala. Wannan mai karkataccen ɗinkin na nuna. Ya yi murmushi ya buɗe wuyanta, ga tambarin nan ya koɗe amma ana iya karantawa: Type A-2, lambar zane 30-1415, da lambar kwangila. Zif ɗin na kamfanin Talon ne, yana aiki har yau.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan tun ɗazu. Ta asalin ba ta kai kwafin kyau ba. Kamfanoni irin su Rough Wear, Dubow, Werber da Bronco kwangilar gwamnati suke cikawa, dubbai ake nema kuma cikin gaggawa. A takarda fatar doki aka ce, amma da buƙata ta yi yawa an yi da ta akuya, har da ta shanu. Kowane kamfani da yadda yake yanka kwalarsa da murfin aljihunsa. Haka ma rigar Irvin ta matuƙan Birtaniya, wadda Leslie Irvin ya fara yi a masana'antarsa ta Letchworth. Na kafin yaƙi manyan falle ne, ɗinki kaɗan, amma da fatar tumaki ta yi wuya sai aka koma harhaɗa ƙananan gutsattsari. Duka biyun na asali ne. Saboda haka duk mai ce maka rigarsa daidai take da ta yaƙi, tambaye shi ta wane kamfani, ta wace shekara. Daga 1943 ma Amurka ta fara barin A-2, tana komawa rigunan yadi irin B-10 da suka fi ɗumi da sauƙin samu.

Masu kwaikwayon kirki sun san wannan. Eastman a Devon, Aero a Galashiels ta Sikotilan, Good Wear a Amurka, The Real McCoy's da Buzz Rickson's a Japan, ba riga guda suke kwaikwaya su ce ita ce A-2 ba. Sukan ɗauki kwangila ɗaya su bi ta daki-daki, daga faɗin kafaɗa zuwa launin zare da irin zif. Wasu daga majemar Shinki ta Himeji suke samo fatar doki, wasu daga Horween ta Chicago. Kuɗin kan wuce fam dubu. Da tsada kam, amma na riƙe ɗaya a hannuna yau, na san inda kuɗin ya shiga. Abin da ya fi burge ni shi ne ba sa ɓoye cewa sabon ɗinki ne. Dattijon ya ce matsalar tana zuwa ne daga baya, idan wani marar tsoron Allah ya sayi irin wannan, ya cire alamar kamfanin da ya ɗinka ta, ya tsufar da ita, ya sayar a matsayin kayan tarihi. Ga ni kwaikwayo sana'a ce mai mutunci, mutum ya zauna ya koyi aikin magabata ya maimaita. Jabu kuwa zamba ce, kuma cin amanar yaran da suka mutu cikin waɗannan riguna ne.

Kafin in tafi ya nuna mini wata B-3 ta asali. Bai bari na ɗaga ta ba. Fentin da aka shafe bayanta da shi duk ya tsattsage, fatar ta bushe, ya ce in aka sa ta aka miƙa hannu za ta yage a kafaɗa. Fatar tunkiya dama ba ta da ƙarfin ta akuya ko ta doki, shi ya sa ake ƙara mata fata mai ƙarfi a kan ɗinki da hannuwa. A nan na daina kwaɗayin ta asali. Wurinta cikin gilashi ne. Wanda yake son sawa ya nemi sabuwa. Ya koya mini kuma yadda ake duba ulu: ka raba shi da yatsu har ka ga tushensa ya fito daga fatar kanta. In ka ga saƙa a ƙasa, gashin roba ne aka manna.

Bayan magariba na kira Kawu a Kano. Muka gaisa, ya tambayi sanyi, na kwashe labarin duka na ba shi. Ya yi shiru yana ji, sannan ya ce, "Ɗana, da me suka jeme ta?" Na ce wasu da ɓawon itace, wasu da sinadarin kurom. Ya ce in dai da ɓawo ne to ’yar'uwar bagaruwa ce, za ta zo da tauri, kada in yi mata gaggawa, jikina ne zai lausasa ta, kuma kada in kuskura in shanya ta kusa da hita in ruwa ya doke ta. Ya tuna mini cewa fatar jar akuyar Sakkwato da ake jemewa da bagaruwa ta ƙetare Sahara shekaru aru-aru, Turawa suna saye suna kiranta fatar Maroko. Na ce, "Kawu, to doki zan ɗauka ko akuya?" Ya ce shi bai taɓa jeme doki ba, ba zai yi shaidar abin da hannunsa bai sani ba, amma akuya ba ta ba mutum kunya a ruwa ko a rana.

Ban yanke shawara ba tukuna. Ranar Litinin zan rubuta wa biyu daga cikin kamfanonin in roƙi ƙyallen gwaji na doki da na akuya. Kawu ya ce in sun zo in raba kowanne biyu, in ba mai zuwa gida ya kai masa rabi.