Yadda ake auna nauyin ƙwayar da ba ta jiran mai awo

Mai sayen zinariya a kasuwar Garwa yana da sikeli da duwatsun awo, kuma zinariyar tana zaune har ya gama ciniki. Mai auna cibiyar ƙwayar zarra wadda niyutron ya yi wa yawa bai sami wannan gatan ba. Litiyam-11, mai furoton 3 da niyutron 8, rabinsa kan rushe kafin milisakan 9 su cika (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa). Ga shi kuwa ta irin waɗannan ƙwayoyi ne zinariyar kanta ta samu, a wurare kamar karon taurarin niyutron, kuma lissafin samuwarta ba ya fita sai an san nauyinsu.

Ƙera ƙwayar ake fara yi. A ISOLDE, wurin ƙera irin waɗannan ƙwayoyi da ke cibiyar binciken fiziks ta CERN kusa da Janiba, ana harba furoton mai ƙarfin GeV 1.4 (GeV ma'aunin kuzari ne) kan curin yuraniyam kabaid da aka gasa zuwa wajen digiri 2,000. Gutsattsarin da suka fito a sa musu caji, maganaɗisu ya ware su, iskar hiliyam ta kwantar da gudunsu, a tara su ƙulli guda.

Daga nan sai tarkon Penning, na'urar da ke riƙe ƙwaya mai caji da maganaɗisu da lantarki. Ɗaliban fiziks na Jami'ar Marwa ko ta Ngaundere sun san ƙa'idar, ν = qB/2πm, inda ν yawan zagaye ne a daƙiƙa, q caji, B ƙarfin maganaɗisu, m nauyi: ƙwaya mai caji tana kewaya cikin maganaɗisu, kuma iya nauyinta iya nawarta. A maganaɗisu mai tesla 5.9, ƙwaya mai nauyi 100 da caji ɗaya tana zagaye kusan 900,000 a daƙiƙa. Ana aika mata zangon rediyo ana sauya shi kaɗan-kaɗan. In ya dace da zagayenta sai ta ƙara kuzari, ta isa na'urar ganowa da wuri. Wannan zangon ake nema, domin daga shi ake lissafa nauyin.

Inda aiki ke ɓaci ya fi ƙa'idar muhimmanci, a ganina. Ƙarfin maganaɗisun yana zamewa da sauyin zafi da matsin hiliyam ɗin da ke sanyaya shi. Shi ya sa ake auna sananniyar ƙwaya, kamar rubidiyam-85 ko siziyam-133, kafin awon da bayansa. Ita ce dutsen awo. Wanda ya bar tazara mai tsawo tsakani zai sami lamba kyakkyawa amma ta ƙarya. Sai baƙi, wato ƙwayoyin wani sinadari masu jimlar furoton da niyutron iri ɗaya da tata, waɗanda kan ninka wadda ake nema yawa. In sun cika tarkon, cajinsu yana ture juna, zagayen ya karkace, don haka ɗaya ko 'yan kaɗan ake bari ciki. Lokaci ma alƙali ne: riƙon milisakan 100 ba ya bambance tazarar da ba ta kai hertz 10 ba, wato zagaye 10 a daƙiƙa, ƙwayar kuma ba ta ƙara maka wa'adi.

Ga masu saurin rushewa da ƙarancin samuwa akwai wata dabara: madubai biyu na lantarki, ƙwayoyin su yi ta kai da kawo tsakaninsu ɗaruruwan sau, mai nauyi tana ja baya har tazara ta buɗe cikin 'yan milisakan. Da ita aka auna kalsiyam-53 da kalsiyam-54 a ISOLTRAP, na'urar awon nauyi ta ISOLDE, aka bayyana sakamakon a 2013. In aka cire nauyin cibiya daga jimlar nauyin furoton da niyutron ɗinta, giɓin shi ne ƙarfin ɗaurinta. A kalsiyam, ƙarfin da ake bukata don ɓamɓare niyutron biyu ya faɗi warwas bayan niyutron na 32, alamar cewa nan wani zobe cikin zobban da niyutron ke jeruwa a cibiya ya cika, lambar da babu ita cikin tsohon jerin lambobin cikar zobe kamar 20, 28 da 50.