Abin da na gani a ƙarƙashin muƙamuƙi ranar fiɗar wuya

A shekararmu ta koyon ilimin sassan jiki, ni aka ba wa aikin buɗe gefen wuyan gawar da muke karatu a kanta, daga haɓa zuwa bayan kunne. Da na ɗage fata da siririyar tsokar da ke manne da ita, malaminmu ya ce in ajiye wuƙa in ɗauki hantsaki, domin a nan, dab da gefen muƙamuƙi, wani reshe na jijiyar fuska yake bi, kuma idan aka yanke shi a jikin mai rai, leɓen ƙasa zai karkace. Shi ya sa likitocin fiɗa suke tsaga fata kimanin faɗin yatsu biyu ƙasa da ƙashin.

Tsokar da nake nema ita ce daigastirik, mai ciki biyu, wato sassa biyu masu kauri. Na gaba yana tasowa daga bayan haɓa, na baya kuma daga ƙashin bayan kunne, sai wata farar jijiya mai ƙarfi ta haɗa su, ta ratsa wani ɗan madauki da ke ɗaure da ƙashin hayoyid, ɗan ƙashin da ke saman maƙogwaro, kamar igiya a cikin zobe. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, tsoka ɗaya ce amma jijiyoyin ƙwaƙwalwa biyu ke motsa ta, waɗanda ake kira da lambobinsu, ta 5 a gaba, ta 7 a baya, saboda tun a mahaifa sassan biyu ba daga tushe ɗaya suka fito ba.

Tsakanin cikin nan biyu da muƙamuƙi na tarar da maɓuɓɓugar yawu, da jijiyar jinin fuska tana kewaya bayanta kafin ta haura kan ƙashi.

Sai dai cikin baya ne ya fi koya mini darasi. Da na ɗaga shi a hankali, sai ga manyan hanyoyin jinin wuya kwance a ƙarƙashinsa, tare da jijiya ta 12 wadda take motsa harshe. A ganina, duk ɗalibin da ya fara gano wannan tsoka kafin ya nutsa ciki ba zai ɓata hanya ba, domin kusan duk abin da ke da haɗari a wurin yana ɓoye ne a bayanta.

A ƙarshe na taɓa mailohayoyid, tsokar da ta zama daɓen baki, na kuma fahimci yadda ruɓar haƙoran tauna na ƙasa take gangarowa ƙarƙashinta, ta kumbura wuya har ta tura harshe sama ta toshe numfashi, cutar da likitan Jamus Ludwig ya bayyana a 1836.