Daren da Abba ya yi jijjiga

Wajen ƙarfe biyu na dare ne, damina, ruwa ya ɗauke kenan kuma babu wuta, sai na ji matata ta ƙwalla ƙara wai Baban Abba taso yaron nan zai mutu. Na haska fitilar waya na ga idonsa ya juye, jiki sai karkarwa yake, haƙora a datse. Shekararsa uku. Kwana biyu yana zazzaɓi muna ba shi farasitamol muna cewa gobe za mu kai shi.

Mu dai a nan Kano yawancinmu ba mu da wani likitan iyali, abin da muke da shi mai kemis ne na bakin layi, ko wata nas da ake kira Anti a unguwa. To kemis a rufe, Anti ba ta ɗaga waya ba. Hajiya ta fito tana salati tana cewa a kawo cokali a sa masa a baki, wata maƙwabciya kuma ta ce a shaƙa masa albasa, ni kuwa wallahi kaina ya kulle.

Malam Sani maƙwabcinmu, Allah ya saka masa da alheri, shi ya fito da mota ko takalmi bai tsaya sakawa ba. Muka fara zuwa wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke kusa, maigadi ya buɗe, aka ce likita ya tafi gida sai an kira shi, mun fi minti talatin a nan ina riƙe da yaro, wannan mintunan har yau suna ci min rai. Malam Sani ne ya ce mu bar nan mu tafi Hasiya Bayero, ai shi ne asibitin yara. Can aka karɓe shi aka sa masa ruwa, gwaji ya nuna maleriya ce ta yi tsanani, aka fara masa allurar artesunate.

Nas ɗin da ke duti ta ce min, Malam da kun sa cokalin nan da kun iya karya masa haƙori ko ku toshe masa numfashi. Ta ce in yaro yana jijjiga a kwantar da shi ta gefe ɗaya, a sassauta kaya, kar a ɗura masa komai ko da ruwa ne, in jijjigar ta kai minti biyar kuwa ba jira, sai asibiti mai sashen gaggawa da ke aiki dare da rana.

Daga baya na zauna na koyi abin da ya kamata na sani tun kafin a haifa min yaro. Babba in ya faɗi ko numfashi ya gagara akwai emajensi na asibitin Murtala da na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, karaya kuma asibitin ƙashi na Dala. Lambar gaggawa 112 ce, ta jami'an kiyaye haɗura 122. Kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mara lafiya na gaggawa, ku riƙe wannan da kyau saboda ranar da za a ce muku sai an fara biyan kuɗi.

Kwana huɗu muka yi aka sallame mu. Yanzu lambar Malam Sani da ta wasu masu mota biyu suna rubuce a bayan ƙofar ɗaki, Hajiya ma ta sa na rubuta mata su a takarda ta ajiye cikin jakar carbinta.