Maƙwabciyata 'yar Filifin

Satina na farko a birnin Nagoya na Japan na fitar da shara ba a ranarta ba. Da safe sai ga ledata an manna mata takardar gargaɗi. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Maƙwabciyata 'yar Filifin ce ta zaunar da ni, ta koya min ware kwalba da gwangwani da abin ƙonawa. Kula da tsofaffi take yi, aikin da Japan ta fara ɗauko 'yan ƙasarsu dominsa a 2009. Jarrabawar lasisi da Japananci ake rubutawa, sau biyu ta faɗi kafin ta haye.

A falonta akwai ƙaton kwali, tana tara sabulu da cakulan na yaranta a Cebu, can Filifin. Sai Disamba zai tafi.